Hajji Ba Ya Biyan Bashin Goro

Tun da alhazanmu suka komo bana magana guda ce ta cika bakin mutane, a ƙofar masallaci, da rumfar 'yan goro, da tashar mota, har wurin suna da biki, watau maganar saƙon nan da ya zo daga Jarwal. Da so mu ke mu yi shiru, mu ƙare aikin da aka ɗora mana a asirce. Amma da muka ji irin fassarar da waɗansu su ke yi wa al'amarin, har da masu rawani a cikinsu, sai muka ga shiru ba zai yi ba. Gaskiya ɗaci gare ta, amma tilas a faɗe ta.

Ga yadda abin ya ke, domin wanda bai ji daidai ba. Akwai wani tsoho a Makka, haifaffen zangon nan na Kumasi. Ba za mu faɗi sunansa ba, shi ne ya roƙa a ba da labarin, a ɓoye sunan. Yana saurayi yaron wani maigida ne cikin fataucin goro. Cikin 1969 maigidan ya ba shi huhu 12 bashi, ya kai Ikko ya sayar, ya komo da kuɗi. Ya kai, ya sayar. Yana can sai ga labari gwamnatin Dokta Busia ta kafa dokar korar baƙi, cikin watan Nuwamba, ta ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Tsofaffinmu ba su manta da wannan rana ba. Zango ya yamutse, an sayar da gida a kuɗin akuya, wani bai san inda wani ya nufa ba. Saurayin nan ya dubi kuɗin da ke hannunsa, Shaiɗan ya ce masa wa zai tambaye ka? Sai ya miƙe gabas: Kano, Maiduguri, Cadi, Sudan, ya haye Bahar Maliya, ya shiga Makka da kuɗin goron mutane.

Ya sauka Jarwal, unguwar nan da ke arewa maso yamma da Masallacin Harami, inda Takari 'yan'uwanmu suka daɗe da zama, waɗansu tun kakanninsu da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗansu ma tun gabanin haka. Ya yi aure, ya haifu, ya yi jikoki. Ya ce shi kansa bai san iyakar hajjin da ya yi ba. Ya ga an rushe tsofaffin gidaje da yawa na wannan sashe domin faɗaɗa masallaci, ya ga an binne abokansa ɗaya bayan ɗaya. Bana, da ƙyar ya ke tafiya, ya sa aka nemo masa alhazan Kumasi, ya danƙa wa biyu daga cikin dattawan jam'iyyarmu riyal a ƙulle, da takarda da ajami, da sunan maigidan. Ya ce a nemi magada a ba su, a gaya musu abin da ya yi, a roƙa masa gafararsu. Ya ce fiye da shekara hamsin ke nan, bai taɓa yin ɗawafi ba face ya ji huhun nan 12 bisa wuyansa.

To, mu da muka ji wannan sai da muka yi hawaye. Amma ga abin mamaki, zango ya rabu. Waɗansu suka ce tsufa ne ya ruɗa shi, wanda ya tsaya Arfa sau ɗaya ma an wanke shi tas, balle mai shekara hamsin a maƙwabtan Ka'aba. Waɗansu kuwa suka ce wannan tonon asirin kai ne, ba na Musulmi ba ne, al'adar 'yan Roman ce masu zuwa su faɗa wa Fada zunubansu. Akwai kuma kashi na uku, su ba su ce kome ba, sai dai in an ta da maganar su tuna suna da uzuri a kasuwa. Da na farko da na biyu za mu yi magana, na uku kuwa su saurara.

Mu fara da masu cewa al'adar 'yan Roman ce. Kafin mutum ya zagi abu ya kamata ya san shi. Ga babban cocinsu can kan tudun Roman Hill, muna ganinsa daga zango, amma mu nawa ne muka san abin da su ke yi ciki? A wurin Katolika, wanda ya yi babban zunubi ya kan je wurin Fada, sau da yawa ta bayan asabari ko 'yar taga, ya faɗi abin da ya yi, ya nuna nadama, Fada ya ɗora masa wani aiki na addu'a ko sadaka, sa'an nan ya furta masa cewa an gafarta masa. A babban taron malamansu da aka yi a Rum cikin 1215 aka wajabta wa kowane baligi ya yi haka aƙalla sau ɗaya a shekara. An kuma haramta wa Fada ya faɗi abin da ya ji, ko da za a yanka shi. In ya faɗa, an fitar da shi daga jama'arsu. Amma ba dukan Kirista ke yin haka ba. 'Yan Basel da 'yan Wesley, masu coci a Adum, ba su da wannan taga. Su a taron Lahadi su kan amsa laifinsu gaba ɗaya, kowa tsakaninsa da Ubangiji.

Inda muka rabu da su a fili ya ke, ba ma ɓoye shi, ba ma kuma jin kunyarsa. Su sun ce gafara ta rataya ne ga mutuwar Annabi Isa, alaihissalam, bisa gicciye. Mu Alƙur'ani ya gaya mana cikin Suratun Nisa'i ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, ya kuma maimaita mana a surori da dama babu ran da zai ɗauki nauyin wani. Su sun ce ɗan Adam da gādon zunubin kakansa a ke haihuwarsa. Mu mun karanta cikin Baƙara Annabi Adamu ya tuba, Allah ya karɓa, magana ta ƙare nan. Ba mu yarda akwai wani mahaluki, Fada ne ko liman ko shehi, da zai iya ce wa bawa na kwance maka zunubinka ba. Ƙofar tuba a buɗe ta ke dare da rana, ba ta da mai gadi, ba a kuma biyan la'ada. Wannan shi ne imaninmu, a kansa mu ke fatan cikawa. Faɗin haka kuwa ba ya hana zaman lafiya da maƙwabci. Ai Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu da kansa ya shiga cocin Christ the King na Ankara cikin 2019 ya gaishe su, bai rage kome daga Musuluncinsa ba.

Amma fa a yi adalci. Maƙwabtan nan namu, ko da mun saɓa da su a kan asali, ba su ce furci da baki yana cinye dukiyar mutane ba. A koyarwarsu ɓarawon da ya zo ya faɗi satarsa sai ya yi niyyar mayar da kayan. Cikin Linjilar Luka, sura ta 19, akwai labarin wani mai karɓar haraji a Yariko, Zakka, wanda da ya tuba ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Cikin ta Matta, sura ta 5, an umurci mai kawo baiko wurin ibada, in ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. To, in 'yan Mishan sun san wannan, mu da mu ke cewa mun fi su hanya ne za mu jahilce shi? Assha!

Tsohon nan na Jarwal bai je wurin kowa ya ce a gafarta masa zunubi ba. Kayan mutane ya mayar wa mutane. Wanda ya kira wannan al'adar Nasara bai karanta ko Ahalari ba, littafin da yaranmu su ke farawa da shi a makarantar zaure, wanda tun a warƙar farko ya kawo sharuɗɗan tuba, ya kuma hana mutum ya jinkirta ta yana cewa sai ran da Allah ya shirye ni. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta sa mayar da kayan zalunci cikin tuba. Imamu Nawawi kuma, a farkon babin tuba na Riyadus Salihina, ya rarrabe abin sarai. In laifi tsakanin bawa da Ubangijinsa ne, sharaɗi uku: ya bari, ya yi nadama, ya ƙudura ba zai koma ba. In kuwa da hakkin ɗan Adam a ciki, sai a ƙara na huɗu, ya kuɓuta daga mai hakkin, in dukiya ce ya mayar.

Nan ne mutanenmu su ke rikita abu biyu. Akwai laifin da addini ya ce a rufe. Wanda ya sha giya da dare, ko ya yi alfasha, Allah ya rufa masa asiri, ba a so gari ya waye ya kama ba da labari. Cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, mutumin da ya zo wa Sayyidina Abubakar da irin wannan laifi, cewa ya yi da shi ya tuba ya rufa wa kansa asiri, Sayyidina Umaru ma haka ya gaya masa. Wannan ba mu ja da kowa a kansa ba, nan ma muka bambanta da masu zuwa taga. Amma bashin goro ba giya ba ne. Yana da mai shi, mai shi yana da 'ya'ya, 'ya'yan nan watakila sun kwana da yunwa saboda huhun nan 12. Rufe irin wannan ba sutura ba ce, ci gaba da sata ne.

Yanzu ga masu cewa hajji ya wanke kome. Hadisin da su ke riƙe da shi gaskiya ne, yana cikin Buhari da Muslim: wanda ya yi hajji bai yi batsa ko fasiƙanci ba zai komo kamar ran da aka haife shi. Ba mu musu. Amma don me su ke karanta shafi guda su rufe littafin? A cikin Muslim ɗin nan an ce wanda ya yi shahada a tafarkin Allah ana gafarta masa kome, sai bashi. Jinin shahidi bai goge bashi ba, tikitin jirgin sama ne zai goge? A cikin Buhari an kawo gawa gaban Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya tambaya ko ana binsa bashi, aka ce i, ya ƙi yi masa salla sai da Abu Ƙatada ya ɗauki bashin a wuyansa. Ga kuma hadisin matsiyaci na gaskiya, wanda zai zo ran ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biyan mutane, in ya ƙare a kwaso zunubansu a jibga masa. Ku 'yan kasuwa ne, kun san abin da a ke kira karyewa. Ga ta nan.

Mun san wani zai ce akwai ruwayar da ta nuna an gafarta wa mutanen Arfa har da hakkin junansu a safiyar Muzdalifa. Akwai ta, a littafin Ibnu Majah ta ke. Amma malaman hadisi sun yi saɓani a kanta ƙwarai, Ibnul Jauzi ya jefa ta cikin ƙagaggu, Ibnu Hajar ya rubuta ɗan littafi yana kāre ta. To, wane ɗan kasuwa mai hankali ne zai ɗora dukan jarinsa bisa motar da makanikai su ke gardamar ko tana da birki? Wanda ya tuba da gaske, ya nemi abin biya ya rasa har ya mutu, muna yi masa kyakkyawan zato wurin Mai rahama. Wanda kuwa kuɗi na aljihunsa, mai bashi na bayan gidansa, ya tsallake shi ya tafi Makka, ina hujjarsa?

Mu dubi Makkan ma kanta. A Jarwal ɗin nan rijiyar Zi Ɗuwa ta ke, wurin da Annabi ya kwana, ya yi sallar asuba, ya yi wanka kafin ya shiga gari, kamar yadda Abdullahi ɗan Umaru ya ruwaito, shi ma ya riƙa yi. Alhazanmu su kan je su tsaya wurin a ɗauke su hoto. Da ma za su tuna wanda ya yi wankan nan wane ne. Shi ne wanda daren da zai yi hijira, maƙiya sun kewaye gidansa da takuba, bai fita da ajiyar kowa ba, ya bar Sayyidina Aliyu a baya takanas domin ya mayar wa mutanen Makka amanarsu, alhali kuwa masu ajiyar ba su ba da gaskiya gare shi ba. In akwai wanda ya ke da uzurin cewa gari ya yamutse, shi ne, bai kuwa ce ba. A hajjinsa na bankwana kuma, shekara ta 10 bayan hijira, da ya soke riba da ta baffansa Abbas ya fara, ya kuma yi horo duk mai riƙe da amana ya mayar wa mai ita.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo, sai mun faɗe shi. Mu kan yi wa 'yan Roman dariya, wai suna da ɗan tsakani. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A ƙasar Jamus cikin 1517 wani malaminsu, Martin Luther, ya tayar da ƙura saboda ana yawo gari gari ana sayar wa talakawa takardun sassauta azaba, ana tara kuɗin ginin babban cocin Rum. Ya rubuta magana 95 a kan haka, rigimar da ta raba Kiristan Turai biyu ke nan, har Paparoma ya hana haɗa takardun nan da kuɗi cikin 1567. Su sun bar wannan ciniki shekaru ɗaruruwa. Mu fa? Mutum ya tauye mudu shekara guda cur, ya cusa ruɓaɓɓen goro a tsakiyar huhu ya jera fari mai kyau a baki, ya cinye adashin zawarawa, ya haɗiye gādon marayun wansa, sa'an nan ya kira malamai a yi masa saukar Alƙur'ani, ya yanka sa, ya raba sabbin sidi, a shafa fatiha, ya tashi zuciyarsa fes. In abin ya yi masa yawa ya tafi umra cikin azumi. Me ya raba wannan da takardar da Luther ya yi faɗa a kanta? Malamin da ya san inda kuɗin ya fito, ya karɓa ya yi shiru, shi ma ya nemi amsar da zai bayar. Ba dukan malamai mu ke nufi ba, akwai masu tsoron Allah da yawa cikinsu, su ne ma suka ƙarfafa mu mu rubuta wannan.

Sai kuma al'adar nan ta bankwana. Maniyyaci ya miƙe bayan sallar Juma'a, ya karɓi lasifika, ya ce jama'a zan tafi, duk wanda na yi wa laifi ya yafe mini. Jama'a su ce mun yafe. A sahu na biyar kuwa ga wani bawan Allah yana binsa kuɗin shanu tun shekara uku, kunya ta hana shi buɗe baki gaban mutane, ya motsa leɓe kawai. Wannan yafiya ce? Ƙwace ne da sallama. Kuɗin kujerar hajji a ƙasar nan ya kai sidi 75,000 cikin 2023. Wanda ya iya tara wannan, ba ya iya cewa ba shi da sidi 3,000 na mai ɗinki, ko na yaron shagonsa da bai biya ba wata huɗu. Hajji ma ba ya wajaba sai ga mai iko, kuɗin wani kuwa ba ikonka ba ne.

Mun san abin da ke hana mutane. Wani kunya, wani ya ce mai shi ya mutu, wani ya ce kuɗin da ba na yanzu ba ne, tun da an sake sidi cikin 2007, dubu goma ta koma ɗaya. Duk akwai mafita. In mai shi ya mutu akwai magada. In an yi cigiya iyakar ƙoƙari ba a same su ba, malamai sun ce a yi sadaka da shi da niyyar ladan ya je ga mai shi. In kunya ce, ba a ce sai ka hau mumbari ba, aika amintacce ya kai da dare. Batun canjin kuɗi kuwa, tsohon Jarwal bai tsaya gardamar fiƙihu ba. Ya tambayi alhazanmu nawa a ke sayar da huhu yau a Kumasi, ya lissafa 12, ya ƙara wani abu a kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saboda haka ga abin da jam'iyya ta shirya. Na ɗaya, mun zaɓi dattawa biyu da liman guda, waɗanda kowa ya shaida riƙon amanarsu. Duk mai son mayar da hakkin wani ba tare da an san shi ba, ya same su, za su kai, su karɓo shaidar an karɓa, ba wanda zai ji. Ba gafara za su ba ka ba, ba su da ita, 'yan aike ne kurum. Na biyu, muna roƙon limaman zango, daga Aboabo har Asawase, kafin a ba maniyyaci lasifika a tambaye shi a keɓe ko ya sallami masu binsa. Na uku, muna roƙon kowane ɗan kasuwa ya rubuta abin da a ke binsa da abin da ya ke bi, da shaidu, yadda ayar bashi ta ƙarshen Baƙara ta yi umurni, ita ce kuwa aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani duka. Na huɗu, ku masu bin bashi, in wanda ya zalunce ku ya zo da kansa a sunkuye, kada ku tozarta shi, kada ku kai labarinsa kasuwa, domin in kun kunyata guda kun kori goma.

Game da saƙon Jarwal, mun sami biyu daga cikin 'ya'yan maigidan, mun damƙa musu rabonsu gaban shaidu. Babbar, tsohuwa ce yanzu, ta daɗe shiru, kana ta ce ubansu ya mutu yana zaton yaron nan ɓarayi suka kashe shi a hanyar Ikko, har sadaka ya yi masa. Ta ce ta yafe duniya da lahira. Mun aika wa tsohon da wannan jawabi. Saura mace guda da aka ce ta yi aure wajen Yendi, muna kan cigiya, rabonta yana ajiye wurin ma'ajin jam'iyya.

Allah shi karɓi tubar wannan bawa nasa, shi ba mu ikon sauke nauyin mutane tun muna da numfashi, shi sa mu cika da imani. Amin. Haza wasalam.